Tambaya: wace firinta, wace tawada da wace takarda suka dace da hoto baƙi da fari?

Ɗan Mai Hoto, Tudun Wada

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe da iyayena da yayyena da ke wannan zaure, da fatan an tashi lafiya. Na zo neman shawara ne a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba na son in zuba kuɗin da na daɗe ina tarawa kafin in ji ta bakin waɗanda suka san aikin.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai ɗaukar hoto ne a nan Zariya tun farkon sarautar marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, wato tsakiyar shekarun 1970. Bayan rasuwarsa mun tarar da wata adaka cike da fim ɗinsa, mafi yawa irin mai faɗin nan da ake kira 120, wanda kowane hoto yake fitowa murabba'i, santimita 6 a kowane gefe. Akwai hawan sallah a ƙofar fada, akwai Ƙofar Doka da ragowar ganuwa tun kafin gine-gine su cika wajen, akwai marina da mahauta da ɗaliban Samaru, sannan akwai fuskokin danginmu da yawa waɗanda yanzu ba su da rai. Na kai an ɗauke mini su cikin kwamfuta, na zaɓi guda arba'in da nake son in fitar a takarda mai girman A3, wasu in raba wa 'yan'uwa, wasu kuma in rataye a gida.

Ga inda gizo yake saƙa. Ina da wata firinta mai tankin tawada, mai launi shida, wadda nake buga hotunan biki da ita, kuma a hoto mai launi ba ni da ƙorafi a kanta ko kaɗan. Amma da na buga baƙi da fari, sai hoton ya fito da wani kore-kore idan na dube shi a ƙarƙashin ƙwan lantarki, idan kuma na fito da shi tsakar gida da rana sai ya karkata zuwa shunayya. Da na umarce ta ta yi amfani da baƙar tawada kaɗai, launin ya tafi, amma sararin sama da fararen riguna suka cika da ɗige-ɗige kamar an watsa musu yashi. Mafi ɓata mini rai shi ne, a hotunan hawa, rawanin mahaya ya zama fari fat ba a ganin naɗinsa, fuskokinsu kuma sun dunƙule cikin duhu, alhali a ƴan hotunan da Baba ya wanke da hannunsa ana ganin komai.

Tambayata ita ce, laifin firinta ne, ko na tawada, ko na takarda? Idan sai na sayi wata, wace iri ce za ta iya wannan aiki kuma ta jure yanayinmu na Zariya? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mai Wanki, Sabon Gari

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta, ya kuma yi maka albarka da ka tsaya wa wannan adaka, domin da yawa irinta gara ta cinye, wasu kuma an zubar da su da aka zo gyaran ɗaki. Na yi shekaru ina wankin hoto a ɗakin duhu kafin in koma firinta, saboda haka na san abin da idonka yake nema, ɗana, kuma na san dalilin da ya sa bai same shi ba.

Firintarka ba ta lalace ba, an dai ɗora mata aikin da ba nata ba ne. Launuka shidan da ke cikinta su ne baƙi, rawaya, shuɗi mai haske da ja mai kama da jinin kare, sai kuma waɗannan biyun na ƙarshe da aka tsarka suka ƙara haske. Babu ruwan toka a ciki, alhali hoto baƙi da fari kusan gaba ɗayansa ruwan toka ne, mataki-mataki daga mai duhu zuwa mai haske. Idan ka ce mata ta fitar da toka, sai ta haɗa shuɗi da ja da rawaya ta yi maka kwaikwayonsa, kuma wannan haɗi yana tsaye ne a kan ma'auni mai laushi ƙwarai, wanda da zarar ɗaya ya ɗara kaɗan sai ido ya gani. Ƙari a kan haka, kowane launi yana amsa haske ne ta hanyarsa, shi ya sa haɗin da ya daidaita a ƙarƙashin ƙwai yake karkacewa a rana. Masana suna kiran wannan metamerizim, kuma babu wani saiti da zai kawar da shi gaba ɗaya muddin da launuka ake gina tokar. Da ka koma baƙar tawada kaɗai kuwa, ba ta da wata dabarar nuna haske sai ta warwatsa ɗigon baƙi nesa da juna, ɗigon baƙi a kan farar takarda kuma ba ya ɓuya. Yashin da ka gani ke nan.

Don haka idan ka je sayen firinta saboda baƙi da fari, kada ka tambayi yawan launukanta, ka tambayi yawan baƙi da tokar da ke cikinta. Kamfanin Epson ya fito da tawadar UltraChrome K3 a 2005 a cikin firintar R2400, mai baƙi da toka da toka mai haske, tare da wani sashe na musamman a cikin manhajar bugawa mai suna Advanced Black and White, kuma daga wannan lokaci ne masu wanki irinmu suka fara yarda cewa firinta za ta iya maye gurbin ɗakin duhu. Jikokinta na yanzu su ne SureColor P700, mai ɗaukar takarda har inci 13, da P900 mai inci 17, dukansu sun fito a 2020 da tawada goma, huɗu daga ciki baƙi biyu ne da toka biyu. A ɓangaren Canon akwai imagePROGRAF PRO-1000 mai inci 17 da tawada goma sha biyu, ita ma baƙi biyu da toka biyu, sai ƙanwarta PRO-300 mai inci 13, wadda toka ɗaya gare ta. Tokar nan mai haske ita ce za ta dawo maka da naɗin rawani da aikin surfani a farar riga, domin ɗigonta bai fi farin takarda duhu da yawa ba, sai ido ya ga inuwa mai santsi maimakon ɗige-ɗige.

Sai maganar irin tawadar, wadda kashi biyu ce. Akwai mai narkewa sarai a ruwa kamar galura, ita ce a firintarka, tana shiga cikin fatar takarda ta ba da launi mai ɗaukar ido, amma haske da iska suna koɗar da ita. Akwai kuma wadda ake kira figiment, wadda ƙananan ƙwayoyin gari ne suke yawo a cikin ruwa ba tare da sun narke ba, kuma baƙinta daga gawayi yake. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan, domin tawadar da muke dafawa da gawayi da ƙaro ita ce kakarta, kuma ka duba tsofaffin littattafan da malamai suka rubuta da hannu a cikin birni, takarda ta yi ja ta tsufa amma rubutun yana nan daram. Gwajin da cibiyar Wilhelm ta Amurka take yi ya saba ba wa hoto baƙi da fari na figiment shekaru sama da 100 a bayan gilashi, ko da yake lissafinsu na ɗaki ne da bai kai namu zafi da haske ba. Gawayi a karan kansa yana ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa, shi ya sa sashen baƙi da fari na manhajar yake ɗiga masa ɗan shuɗi da ɗan ja kaɗan domin ya tsaya a tsakiya, kuma kai kake zaɓar ko kana son hoton ya yi ɗumi ko ya yi sanyi.

Ni a ganina, hotunan mahaifinka tarihi ne na wannan gari ba naka kaɗai ba, kuma bai kamata a buga su da tawadar da za ta koɗe kafin 'ya'yanka su girma ba. Idan da hali, P700 ta wadatar da abin da ka ambata, tunda takardar A3 mai ƙari, milimita 329 da 483, za ta ba ka hoto murabba'i mai inci 12 da ɗan farin gefe.

Mai Gyaran Firinta, PZ

Salamu alaikum. Ina neman afuwar Baba, domin duk abin da ya faɗa game da tawada gaskiya ne kuma ni ma daga irinsu na koya, amma akwai ɓangaren da mu masu buɗe cikin waɗannan na'urori muke gani wanda ya kamata ɗan'uwa ya ji kafin ya fitar da kuɗinsa.

Firintar figiment dabba ce mai son a riƙa hawanta. Tunda tawadarta gari ce a cikin ruwa, idan ta zauna sai garin ya kwanta, idan kuma ruwan bakin ƙananan hujojin da ke kanta, wato sashen da ke fesa tawada, ya bushe sai su toshe. Takardun da ke zuwa da irin waɗannan firintoci suna cewa a yi aiki da su a inda danshin iska bai gaza kashi 20 cikin ɗari ba, kuma an fi son tsakanin 40 da 60, mu kuwa daga Disamba zuwa Maris da rana danshinmu yakan faɗi ƙasa da 20 ɗin, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko ta ramin allura. A shagona na karɓi wata babbar firinta ta figiment da mai ita ya saya saboda aiki ɗaya, ya gama aikin kafin sallah, ya rufe ta wata huɗu, da ya dawo sai ga layi-layi a kowane hoto. Mun yi ta wanke kan har rabin tawadarsa ta ƙare a akwatin da ke tara tawadar wanki, kuma hujojin toka ba su buɗe duka ba. Wannan ba laifin wanda ya ƙera ta ba ne, haka ɗabi'arta take.

Ka yi lissafi da kyau, ɗan'uwa. Hoto arba'in kake son bugawa. Katirij ɗin P700, wato mazubin tawadarta, yana ɗaukar mililita 25 ne kowanne, guda goma ne, kuma waɗanda suke zuwa da ita a kwali yawancin abin da ke cikinsu yana tafiya ne wajen cika bututun ciki a ranar farko, saboda haka ba da jimawa ba za ka nemi sababbi. Na P900 mililita 50 ne, na PRO-1000 kuma 80, wanda ya fi araha idan an auna da mililita amma kuɗin cika su gaba ɗaya ba kaɗan ba ne. Ba kuma tawada ce da za ka shiga kasuwar Sabon Gari ka ɗauko ba, yawanci sai an aiko daga Legas ko daga waje, farashinta kuma yana bin dala. Wani abin da ke kama mutane shi ne, wanda ya sa aka taho masa da firinta daga Amurka zai tarar katirij ɗin Turai ba ya aiki a cikinta, domin na P700 ta Amurka lambarsa T770 ce, na Turai kuma T46S, ban da cewa dole a duba ko wutar da take ɗauka ta dace da tamu ta 230.

Shawarata gida biyu ce. Idan aikinka zai tsaya a kan arba'in ɗin nan, kada ka sayi firinta, ka nemi masu buga hoton zane da figiment a Legas ko Abuja ka aika musu, ka fara da biyu ko uku ka ga hannunsu. Idan kuwa kana son abin da zai yi maka hoton biki ya kuma yi baƙi da fari mai kyau, ka duba Epson L8180, wadda a Turai da Amurka ake kira ET-8550. Mai tanki ce, tana ɗaukar A3 mai ƙari, kwalbar tawadarta mililita 70 ce, kuma cikin tawada shidanta akwai toka ɗaya da baƙi biyu, ɗaya na figiment saboda takarda marar sheƙi, ɗaya mai narkewa saboda mai sheƙi. Ba za ta kai P700 daɗewa ba tunda tokarta mai narkewa ce, wannan na yarda, amma kore da shunayyan nan zai ragu ƙwarai, kuma tawada mai narkewa ba ta cika toshe kai ba.

Duk wadda ka saya, kada ka jona ta kai tsaye da bango. Ka sa mata UPS ko ka ɗora ta a kan inbata, saboda idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki kan yakan tsaya a fili bai koma kan murfin da ke rufe shi ba, kuma awa kaɗan a haka cikin hunturu ya isa ya bushe. Ka riƙa kashe ta da maɓallinta, ka lulluɓe ta da ƙyalle mai kauri, ka kuma buga shafin gwajin hujoji aƙalla sau ɗaya a mako.

Ɗan Mai Hoto, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malam. Yanzu na gane cewa matsalar daga rashin toka take, kuma na gane cewa sayen firinta ɗaukar nauyi ne mai ci gaba. Ya kamata in ƙara bayani cewa arba'in ɗin nan somin-taɓi ne, domin fim ɗin da ke cikin adakar ya haura ɗari bakwai, ni ma kuma ina ɗaukar nawa baƙi da fari duk sallah, saboda haka ba na jin za ta zauna babu aiki. Abin da har yanzu ban fahimta ba shi ne dalilin da ya sa kuke ta ambaton baƙi biyu, da kuma takardar da za ta fitar da fuskokin nan da suka dunƙule. Wadda nake amfani da ita yanzu mai sheƙin nan ce ta hoton biki, mai santsi kamar leda a bayanta.

Malamar Zane, Samaru

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan mahaifinka da rahama. Na karanta bayanin da suka gabata, kuma ina so in tsaya a kan takarda, domin a ganina ita ce ya kamata ka fara zaɓa, ƙanena, sannan firinta ta biyo baya.

Baƙi biyun da ka tambaya saboda takarda aka yi su. Takarda mai sheƙi tana buƙatar baƙin da ƙwayoyinsa ƙanana ne kuma an lulluɓe su da wani irin ƙaro, domin su kwanta su yi sheƙi tare da ita. Takarda marar sheƙi kuwa tana shanye tawada, saboda haka tana buƙatar baƙi mai kauri da zai tsaya a samanta. Idan aka sa na farko a kan marar sheƙi sai baƙin ya fito fari-fari kamar tsohon baƙin yadi, idan aka sa na biyu a kan mai sheƙi sai ya ƙi kamawa, yatsa ma ya goge shi. A tsofaffin firintoci irin su P600 da P800 baƙaƙen biyu hanya ɗaya suke bi, sai an zubar da ɗaya kafin ɗayan ya shigo, amma a P700 da P900 da na Canon ɗin da Baba ya lissafa kowanne da hanyarsa.

Takardun da ake magana a kansu iri uku ne. Wadda kake amfani da ita ana kiranta RC, takarda ce da aka rufe da leda ciki da baya, tana da araha, ba ta jin danshi, kuma ta dace da gwaji da hoton da za a riƙa miƙawa hannu da hannu. Sai ta auduga marar sheƙi, wadda fitacciyarta ita ce Photo Rag ta kamfanin Hahnemühle na Jamus, mai nauyin giram 308, auduga zalla, kamfanin da yake yin takarda tun 1584. Tana da daɗin taɓawa kuma ba ta mayar da haske a bayan gilashi, amma baƙinta bai kai na mai sheƙi zurfi ba, kuma matakan duhu na ƙarshe sukan haɗe da juna a kanta. Ta uku ita ce baraita, wadda aka shafa wa farin sinadarin bariyom salfet a ƙarƙashin fatar da ke karɓar tawada, daidai yadda ake yi wa takardar wanki mai kauri ta zamanin da. Misalinta su ne Baryta Photographique ta Canson mai giram 310 da FineArt Baryta ta Hahnemühle mai giram 325.

Ga hotunan hawa ni baraita zan zaɓa ba tare da jinkiri ba, kuma dalilina ya shafi mu ne kai tsaye. Ana yin hawa ne da rana tsaka ko da yamma rana na da ƙarfi, mahayi yana sanye da farar riga da farin rawani, fuskarsa baƙa ce kuma tana cikin inuwar rawanin, wani lokaci ma da amawali. Ma'ana abin da ya fi muhimmanci a hoton, wato fuskar mutum, yana zaune ne a matakan duhu, wurin da takarda marar sheƙi take da rauni. Yawancin bayanan da ake rubutawa a waje suna ɗauka cewa fuska tana cikin matakan haske ne, shi ya sa suke yabon auduga ga hoton fuska, amma fatarmu tana neman takardar da za ta iya raba duhu daga duhu, kuma baraita da baƙi mai sheƙi ita ce mai yin hakan. Hotunan ganuwa da ginin ƙasa kuwa, irin masallacin Juma'a na cikin birni da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, auduga tana yi musu kyau ƙwarai, domin gautsin takardar yana tafiya da gautsin yaɓe, musamman idan aka ɗan ɗumama launin.

Ka lura da wani abu da ake kira OBA, sinadari ne da ake zuba wa takarda domin ta yi fari tas, irin aikin da bula take yi wa farin kaya. Yana aiki ne da hasken rana, kuma da shekaru yakan mutu takardar ta koma launinta na asali, ba lallai ta koma daidai a ko'ina ba. Takardar da aka rubuta mata cewa ba ta da shi farinta yana ɗan karkata zuwa madara, wannan kuma ya dace da tsohon hoto. Kafin ka sayi kwali mai falle 25, ka nemi ƙunshin samfuri da waɗannan kamfanoni suke sayarwa, mai ɗauke da falle ɗaya ko biyu na kowane iri, ka buga hoto guda a kansu duka, ka duba su da safe da yamma da kuma dare.

Wani kaso na dunƙulewar fuskokin ba daga takarda yake ba, daga allon kwamfuta yake. Yawancinmu muna barin allo da haske sosai, sai hoto ya yi kyau a kansa ya fito da duhu a takarda. Ka rage hasken allon har farinsa ya yi kusa da farar takarda da ka riƙe a gefensa, ka buga tsani mai matakai 21 daga baƙi ƙirin zuwa fari, ka ga mataki nawa idonka yake iya rabawa a ɓangaren duhu, sannan ka buɗe inuwar hoton gwargwadon haka. Ka kuma tabbata an ɗauke maka fim ɗin a tsarin TIFF mai bit 16, ba JPEG ba, kuma da ƙarfin da bai gaza ɗigo 2400 a inci ba, wanda zai ba ka sama da ɗigo 5000 a kowane gefe, ya wadatar da hoto mai inci 12.

Game da yanayi, takarda mai kauri takan lanƙwashe a hunturu har kan firinta ya goge gefenta ya bar baƙin tabo, saboda haka ka ajiye ta a cikin ledarta da kwalinta a kwance, ka kuma ƙara tazarar kai a cikin saiti. Ta auduga ka share ta da burushi mai laushi kafin bugawa, domin ɗan ƙurar da tawada ta hau kansa zai faɗi daga baya ya bar farin ɗigo. Bayan bugawa ka bar hoto ya sha iska aƙalla kwana ɗaya, RC ma ya fi haka, kafin a sa shi a firam. Kada hoto ya taɓa gilashi, a sa kwali marar asid a tsakani, kada kuma a manna shi a kan falankin katako kamar yadda masu firam ɗinmu suka saba, domin katakon yana sa takarda ta yi ja, kuma a watan Agusta danshi yakan taru a bayansa ya kawo fumfuna.

Tsohon Mai Wanki, Sabon Gari

Malama ta gama magana a kan takarda, ba ni da abin ƙarawa sai dai in tabbatar da zancenta na fuska, domin a ɗakin duhu ma da hannu muke tare haske daga fuskar mahayi na ɗan lokaci, mu ƙara wa rawaninsa, kuma na tabbata haka mahaifinka ya yi a waɗanda ka gani. Fim ɗin yana ɗauke da bayanin duka biyun, aikinka ne ka fito da shi a kwamfuta kamar yadda ya fito da shi da tafin hannu.

Malam mai gyara ya yi gaskiya a kan toshewa, amma tunda ka ce fim ɗin ya haura ɗari bakwai kuma kana ɗaukar naka, ina nan a kan figiment. Abin da zan gyara a maganata ta farko shi ne, mai wannan yawan aiki ya auna P900 ko PRO-1000 tare da P700, saboda girman katirij. Akwai bambanci ɗaya da ya kamata ka sani a tsakaninsu, kan Canon da zafi yake tura tawada kuma an yi shi ne yadda mai firinta zai iya cire shi ya sa sabo da kansa, na Epson kuwa da motsin wani ɗan kiristal yake turawa, yana daɗewa, amma idan ya mutu sai an kai wa mai gyara. Canon ɗin tana yawan wanke kanta da kanta, wanda yake rage toshewa amma yake cin tawada ko ba a buga komai ba.

Za ka ji ana ambaton Piezography idan ka zurfafa bincike, tsari ne da wani Ba'amurke mai suna Jon Cone ya ƙirƙira, inda ake cire launuka gaba ɗaya daga firintar Epson a zuba matakan gawayi har bakwai, a tuƙa ta da manhajar QuadToneRIP ta Roy Harrington. Santsin da yake bayarwa abin sha'awa ne, sai dai firintar ba za ta ƙara buga launi ba, garantinta ya tafi, kuma kowace kwalba sai ta ƙetaro teku, don haka ban ba ka shawararsa a matakin farko ba.

Kafin ka sayi komai, ka zaɓi hoto ɗaya mafi wuya a cikin arba'in ɗin, wanda yake da farin rawani da baƙin doki da fuska a inuwa, ka kawo mini shi a filashi ranar Asabar bayan la'asar tare da wanda mahaifinka ya wanke idan akwai. Ina da ragowar baraita da auduga, sai mu buga shi a kan duka biyun mu jera su da nasa a bakin ƙofa inda akwai haske. Ka aiko mini da saƙo ta akwatin sirri na wannan zaure in kwatanta maka shagon.